Zango Uku na Kawu

4 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Kwandasta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da aikinki. Mu nan ƙalau muke. Innarki na gaishe ki, ta ce ba ta yafe miki hoton nan da kika aiko kina tsaye a waje babu rigar sanyi ba. Kunnena yana nan yadda kika bar shi. Rurin injin tirela na shekara arba'in ba ya fita da magani, don haka ki daina kirana a waya ina ta "iye? iye?" Rubutu ya fi mana.

Ƙafa ce ta ɗan taɓa ni a watan jiya. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar sharaɓar hagu. Ya ba ni ƙwayoyi, kumburin ya saɓe, kada ki sa wannan a ranki.

Na karanta labarin jarrabawarki sau huɗu. In na fahimta daidai, yanzu ke za ki riƙa zama ki fitar wa jirgi hanya, ki lissafa masa mai da nauyin kaya, kuma matuƙi ba zai tashi ba sai kin sa hannu. Ke! Yarinyar da ƙanwata ta rasu ta bar min tana shekara shida, wadda ke zama a gaban tirela kan matashi biyu tana karanta min allunan hanya da ƙarfi! Na kai takardar gareji na karanta wa mutane. Abokina Mai Faci ya ce ƙarya ce, na ce ya zo ya karanta da kansa, ya ce ya manta tabarau. Shekara talatin ke nan yana manta tabarau ɗin nan.

To ga maganar. Na sayi tikiti a kamfaninku, ranar sha biyu ga Mayu. Ina so in hau jirgin da ke kika tsara masa hanya, in sauka in ga teburin da kike aiki. Na je na tambayi likita. Ya ce kada in zauna wuri ɗaya fiye da awa biyar. Na nuna masa da bakina cewa tafiyar awa uku ce kacal: a takarda an rubuta tashi ƙarfe goma na safe, sauka ƙarfe ɗaya na rana. Ya ce in dai haka ne Allah ya kiyaye hanya.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne dawowar. Tashi ƙarfe huɗu na yamma, sauka goma na safiyar gobe, awa goma sha takwas! Na ce wa Mai Faci zuwa gangara ce, dawowa kuma hawa. In na zo sai ki nemo min dabarar dawowar.

Ki faɗa min, kilomita nawa ne tsakanin filin jirginmu da naku?

Naki,
Kawu

19 ga Fabrairu

Kawuna,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso jiya, na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu. Ina lafiya. Ka gaishe min da Inna, ka ce mata na sayi rigar, har biyu. Ya jikin? Me ya sa sai yanzu nake jin maganar ƙafar?

Kawu, don Allah ka zauna kafin ka karanta sauran. Tafiyar ba awa uku ba ce. Awa goma sha ɗaya ce.

Tsakanin filin jirginku da namu kilomita dubu tara ne da 'yan kai. Agogonmu yana bayan naku da awa takwas, don rana tana riga fitowa a wajenku. Lokacin tashin da aka rubuta na agogonku ne, na saukar kuma na namu. Sa'ad da za ka sauka ƙarfe ɗaya a nan, agogon hannunka zai nuna tara. Dawowar ma ba awa goma sha takwas ba ce, goma ce. Ta fi zuwan sauri, domin can sama akwai iska mai ƙarfi da ke tura jirgi ta baya in ya nufi wajenku. Ka ga gangarar a dawowa take.

Na yi dariya da maganar hawa da gangara, sannan na zauna a kan matakala na kasa tashi. Awa goma sha ɗaya a kujera, da irin ciwon nan, gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. In kuna tsakiyar teku babu inda za a sauke ka. Na san wannan domin aikina ne in rubuta filayen da jirgi zai iya sauka in wani abu ya faru, kuma a hanyar nan akwai wurin da sai an yi awa uku ba a ga ko ɗaya ba.

Kada ka zo, Kawu. Ba zan sa hannu a kan jirgin da kake ciki ba. Ka koma wurin likita ka faɗa masa gaskiyar awoyin, ka mayar da tikitin.

In kana son ganin hanyar da idonka, kada ka duba taswirar bango, tana ruɗi. Ka sami ƙwallon nan na taswirar duniya, ka ja zare daga garinku zuwa namu. Inda zaren ya bi, nan jirgi ke bi.

Ina jiran amsa da wuri.

'Yarka,
Kwandasta

2 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Mako shida ke nan ban ga rubutunka ba. Na kira wayar Inna sau uku, ta ce kana lafiya, ka fita. Kullum ka fita? Mutumin da tun da ya ajiye tuƙi ba ya wuce gareji da bakin ƙofa?

In jikin ne ya tashi kuke ɓoye min, wallahi ba ku kyauta ba. In kuma fushi kake, ka rubuta ka zage ni, zan karɓa. Jiya na lissafa man jirgi sau uku ina samun amsa ɗaya, na kasa yarda da ita, har shugabanmu ya zo ya tsaya a bayana ya ce, "Lafiya kuwa yau?"

Ko layi ɗaya ne, Kawu.

Kwandasta

17 ga Afrilu

'Yata,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, Innarki ma haka, sai dai ta yi kwana biyu ba ta min magana saboda ke.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Da na zo kan "Kada ka zo, ba zan sa hannu a kan jirgin da kake ciki ba," sai na ninke takardar na jefa a aljihun tebur, ban ƙarasa ba. Na ce shi ke nan, yarinya ta shiga cikin masu kwat da ƙananan jakunkuna, ba ta son tsohon direba mai ihu in yana magana ya shigo mata ofis. Kwana goma ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Innarki ce ta zaro takardar. Ta sa bakinta dab da kunnena ta karanta min tun daga farko, ta ce, "Kai dai ba kunne kaɗai ya mutu maka ba. Yarinya na tsoron ka mutu mata a sama, kai kana nan kana kumbura!" Na ce ai na gane tun farko. Ta ce in rufe mata baki.

Na koma wurin likita na faɗa masa awa goma sha ɗaya ce. Ya cire tabarau ya ce in manta da tafiyar. Na ce, "Likita, tsaya. Awa biyar ɗin da ka ce, a rana ne ko a rayuwa?" Ya ce a zama ɗaya. Na ce in na zauna huɗu, na sauka na yi kwana biyu ina taka ƙasa, na sake hawa fa? Ya ce wannan wata magana ce.

To fitar da kike ji ina yi ke nan. Na ari ƙwallon taswirar daga makarantar bayan layinmu, na ja zaren kamar yadda kika ce. Na sha mamaki, ashe hanyar ta sama take bi kamar baka. Sannan na riƙa zuwa ofishin masu sayar da tikiti kullum. Matar da ke wurin da farko in ta hango ni sai ta shiga bayan gida, yanzu kuwa ita ke ajiye min kujera. Kilomita dubu tara a tirela kwana ashirin da uku ne in hanya ta yi kyau, kuma ban taɓa yin doguwar tafiya ban yanka ta zango-zango ba. Don me zan fara yanzu?

Ga abin da na fitar, yana cikin takarda ta biyu. Zango uku. Na farko awa huɗu, in kwana biyu. Na biyu awa huɗu da rabi, in kwana biyu. Na uku awa huɗu, kuma jirgin kamfaninku ne, na tabbatar. Hanyar ta ƙaru da kilomita dubu ɗaya da wani abu, amma ba ta ratsa tsakiyar tekun nan naki. A kowane zango na ƙara rabin awa a lissafi saboda iskar da kika ce tana tura jirgi in zai zo wajenmu. Na ce in tana turawa a dawowa, to a zuwa karo za mu yi da ita. Duk da ƙarin babu wanda ya wuce biyar.

Likita ya sa hannu. Ya ba ni wata safa mai matse ƙafa wadda sai ni da Innarki mun haɗu muke sa ta. Kullum da safe ina zagaya filin ƙwallo sau shida.

Saura hannunki. Ki duba da idon aiki, ba da idon 'ya ba. In kin ce a'a, na haƙura, kuma wannan karon zan karanta har ƙarshe.

Kawu

1 ga Mayu

Kawuna,

Wa'alaikumus salam. Alhamdu lillahi da jin lafiyarku. Ka ce wa Inna na gode, ta yi min aikin da ba zan iya biya ba. Ni ma na yi laifi, na rubuta maka magana kamar ina rubuta wa matuƙi. Ka yafe min.

Na shimfiɗa takardarka a teburina na bi ta layi-layi da na'ura. Kawu, lissafinka na zango na biyu da nawa minti bakwai ne tsakaninsu. Da zare da fensir! Mu sai da muka yi wata huɗu a aji kafin a bar mu mu taɓa maganar iska. Shugabanmu ya zo wucewa ya ɗauki takardar, ya ce wane ɗalibi ne wannan. Na ce kawuna ne, direban tirela. Ya karanta har ƙasa, inda ka rubuta "in an ga alamar matsala a tsaya, kaya ba su fi rai ba." Ya ce in ba shi ya manna a allon ofis. Tana nan yanzu kusa da jadawalin aiki, da tabon man gashinka a gefe.

Gyara ɗaya na yi. A zango na uku ka zaɓi kujerar taga. Na mayar da kai ta bakin hanya, don ka riƙa tashi kana takawa duk rabin awa. Na san kana son kallo, ka yi haƙuri.

Na roƙi a ba ni aikin safiyar ashirin ga wata, an ba ni. Jirginka na ƙarshe zai tashi tara da minti arba'in, ni zan tsara shi. Na share ɗaki, na sayo maka kofi mai girma irin wanda kake so.

Na sa hannu, direba. A tashi lafiya.

Kwandasta

14 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan ka huta gajiyar hanya. Inna ta ce ka isa kana ta ba mutane labari tun daga bakin ƙofa. Ka ci gaba da shan maganin a kan lokaci, ba sai ta bi ka da shi ba.

Kwana takwas muka yi tare a garin zangonka na biyu, tsakanin asibiti da masauki, amma akwai abin da ban iya faɗa maka ba, ga shi kuma sai na ɗaga murya kafin ka ji, ɗakin cike da mutane.

Ranar ashirin na zo ofis tun kafin lokaci. Na fitar wa jirginka hanya, na zaɓa masa tsayin da babu gargada, na duba yanayi ya fi sau goma. Fasinja ɗari da tamanin da huɗu. Na san ɗaya daga ciki kai ne, har na gaya wa na kusa da ni. Saura minti ashirin da biyar a tashi, sai lambar ta sauya a gabana: ɗari da tamanin da uku. Saƙo ya biyo baya, fasinja ɗaya ya fasa, a sauke jakarsa. Na duba lambar kujerar. Wadda na zaɓa maka ce.

Ba a rubuta dalili ba. Ban sani ba ko faɗuwa ka yi, ko kana numfashi. Hannuna ya kai kan waya, sai matuƙin ya kira yana jiran sabon lissafi, ga mutum ɗari da tamanin da uku a zaune. Na cire nauyinka da na jakarka, na sake daidaita jirgin, na karanta masa lambobin. Ya ce, "Muryarki ta canza, akwai matsala a hanyar?" Na ce hanya lafiya lau. Na sa hannu.

Sai da na ga ya tashi sannan na kira filin. Wata mata ta ce, "Tsohon nan mai safa? Yana nan zaune, ya hana a kai shi asibiti wai sai ya ga tashin jirgi." A nan na kifa kai a tebur. Shugabanmu ya karɓi sauran aikin, ya sa aka ba ni kujera a jirgin rana mai zuwa garin da kake.

Likitan can ya gaya min a waje cewa sabon gudan jini ne, babba, kuma da ka hau, bai san yadda za ta ƙare ba. Saura awa huɗu ka iso, Kawu, bayan duk wahalar da ka sha, kana riƙe da tikiti a bakin ƙofa, babu wanda ya san abin da kake ji sai kai. A aikinmu babu abin da ya fi wuya kamar a ce jirgi ba zai tashi ba alhali kowa ya shirya. Na ga manya sun kasa. Ban san yadda ka yi ba.

'Yarka,
Kwandasta

30 ga Yuni

Kwandasta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafa ta yi sauƙi, na koma zagayen fili, sau huɗu dai yanzu. Innarki ta karanta takardarki ta yi kuka, ni kuma wani abu ya faɗa min a ido.

Kin ce ba ki san yadda na yi ba. Babu wani abin a zo a gani. Tun da na farka na ji sharaɓar ta yi zafi kamar birkin da aka daɗe ana takawa. Na ce gajiya ce. Na shiga layi, saura mutum biyar a gabana, na taɓa wurin na ji ya yi tauri. Wallahi na so in yi shiru. Na ce awa huɗu ce, in na isa ko mutuwa ce in mutu a gabanta. Sai na tuna sunanki ne a ƙasan takardar jirgin nan. In na faɗi a sama, dole a karkata da mutane a nemi wurin sauka, kuma ke za ki nemo shi, kina sane da wanda ke kwance. Na ce ban yi miki haka ba. Na fita daga layi na ce wa matar, "'Yata, motar nan ba za ta ƙarasa ba."

Sun kawo keken marasa lafiya, na ce a tura ni jikin gilashi tukuna. Na ga an zaro jakata daga cikin jirgin. Na ɗauka za ki riƙe shi, ko ki sa a yi ta nemana. Sai na ga an rufe ƙofa, an tura shi baya. Na duba agogon bango: tara da arba'in daidai, ko minti ɗaya bai ƙaru ba. Ya yi gudu, ya ɗaga hanci, ya tafi sumul. Na ce yarinyar nan ta san ba na ciki, ba ta san ko ina raye ba, kuma ta sallami mutanenta a kan lokaci. Na tafa hannu ina cewa, "'Yata ce! 'Yata ce ta tashe shi!" Mai tura keken ya ɗauka ciwon ya taɓa min kai.

Ban ga teburinki ba, kuma bayan an lallaɓo da ni gida zango-zango, likita ya ce daga yanzu ni da jirgi sai dai kallo. Na karɓa. Kashi biyu cikin uku na hanyar na yi, ke kika cika sauran, kuma na ga aikinki da idona, wanda ya fi tebur.

Yanzu na gano jirginku mai doguwar tafiya yana sauka a nan Talata da Asabar, goma na safe. Akwai wani benci bayan shingen filin, kusa da inda 'yan tasi ke wanke motoci. Ni da Mai Faci muna zuwa tun tara da rabi. Ya sayi tabarau, da gaske nake. In jirgin ya sauko sai ya daki kafaɗata, don ni ba na jin ƙararsa sai ya zo kanmu. 'Yan tasin duk sun san ki, suna cewa ga jirgin 'yar Baba nan.

Na Talatar da ta wuce ya makara da minti goma sha biyu. Na ce musu ba ke ce a bakin aiki ba ranar. Ki rubuto ki gaya min gaskiya, in ke ce, in san abin da zan faɗa musu ranar Asabar.

Naki har kullum,
Kawu